Kwat Mai Ganye

Kwat ɗin gado ce. Wani ɗan ƙasarsu da ake kira Dogo, abokin zamansu a ƙasar waje, shi ne ya bar ta a gidan Na-gefe ranar da zai koma gida, don akwatinsa ya ƙi rufuwa. Ya ɗaga ta a tsakiyar falo ya ce wa zai riƙe masa amana, matar Na-gefe ta karɓa ta rataye a bayan ƙofar ɗakinsu, shi kuma Dogo bai ƙara waiwayarta ba. Baƙa ce wuluk, mai nauyi, irin wadda ake rubutawa a gindin katin gayyata cewa da ita za a zo, wanda ba shi da ita ya yi zamansa a gida.

Mutum biyu ke sa ta. Na farko shi ne Na-gefe, dakta a wata cibiyar binciken iri, wanda aka damƙa wa ɗakin sanyi da ke can ƙarƙashin ginin. A nan yake yini, yana jera ƙwayoyin hatsi a kan jiƙaƙƙiyar takarda, yana duba wanda ya tsiro da wanda ya ruɓe. Sunan kuwa hoto ne ya jawo masa. Duk hoton da aka ɗauka da shi, sai ka bi layi har ƙarshe za ka same shi, rabin kafaɗarsa a waje. Na biyu ƙaramin ma'aikaci ne a sashen, ɗan ƙasarsu, ana ce masa Rediyo, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Ba su haɗa uwa ko uba ba, zaman baƙunta ne ya mai da su wa da ƙane. Tsawonsu ɗaya, kowa da tabarau da ɗan gemu. Hannu ne kawai ya raba su, na Rediyo ya fi gajarta.

Saboda haka wahalar ta dawo kan matar Na-gefe. In Rediyo zai sa, ta naɗe bakin hannun ciki ta kama da zare. In maigidan zai sa, ta warware. Wata rana tana guga ta tafi duba tukunya, dutsen ya ƙona saman aljihun ƙirji. Sai ta samo koren zare ta ɗinka ɗan ganye a wurin, bai fi farcen babban yatsa ba. Na-gefe ya ce wannan ai ƙara ɓata riga ne. Rediyo ya ce a'a, yanzu ne ma ta zama ta masu aikin iri.

Ita kuwa cibiyar ba ta gajiya da taro. A yi na karrama masu ba da tallafi, a yi na sallamar wanda ya yi ritaya, a yi na cikar shekara, a yi wani don an kwana biyu ba a yi ba. Na-gefe ya je na farko-farko da zuciya ɗaya, ya riƙa dawowa da ciwon muƙamuƙi saboda murmushi. Abin da yake gani ba ya canzawa daga wannan ɗakin taro zuwa wancan. A ƙofa akwai mace mai fara'a da ke duba kati, ba ta duba fuska. A ciki mutane na tsaye cirko-cirko, kowa da tambulan a hannu, yana magana da na gabansa amma idonsa na kan wani babba da ke bayansa. Sai a zauna, kowa a gaban 'yar takarda mai ɗauke da sunansa, ga cokula da wuƙaƙe an jera dama da hagu kamar za a yi wa mutum tiyata. A kawo ƙaton faranti, abincin ɗan tsurut a tsakiya. Tambayoyin da ake yi masa ma ya haddace su: daga ina ya zo, ya ya ga garin, yana kewar gida? Shi kuma sai ya ɗauka da gaske ake, ya fara amsawa tsakaninsa da Allah, kafin ya kai rabi mai tambayar ya juya ga wani. Ga igiyar nan ta wuya da ake kira taye, wadda har yau bai gane laifin da maƙogwaro ya yi ba.

Ba wanda ya taɓa ci masa fuska, gaskiya. Abin da ya lura da shi kawai shi ne, kujerar ake so a gani a cike, ba a damu da wanda ya cika ta ba.

Rannan kati ya zo, Na-gefe na fama da mura. Katin na daktoci ne, masu matsayin Rediyo sai dai su ji labari washegari a wurin shan shayi. Rediyo ya ɗauki katin daga kan tebur yana shafa bakinsa mai ruwan zinariya.

"Yaya, ka ba ni in je mana. Haka za a bar abinci ya yi asara?"

"In aka gane fa?"

"Wa zai gane? Kai da bakinka ka ce ba a duba fuska."

Ya je ya dawo, ba a gane ba. Daga nan abin ya zama tsari. Kati ya zo da sunan Na-gefe, ya miƙa wa Rediyo, matarsa ta ɗauko allura. Tun tana warware ɗinkin bayan kowane taro, har ta ga wahalar banza take yi ta bar shi a naɗe.

Wadda ta fi kowa cin ribar tsarin ita ce Auta, 'yarsu ta ƙarshe, wadda ita kaɗai suka taho da ita don yayyenta sun girma. Wani zazzaɓi ne ya tafi da jinta tun tana ƙarama. Kafin su zo ƙasar nan yarinya ce mai zaman lungu, in ta yi ta nuni an kasa gane ta sai ta yi jifa da kofi. A nan suka dace da makarantar kurame a bayan layinsu. Ta koyi magana da hannu, ta yi ƙawaye, har ta zama 'yar tsegumi, kullum da labarin wadda ta yi faɗa da wance. Na-gefe ya koyi abin da zai ishe shi: zo ki ci abinci, kin yi aikin gida, je ki kwanta. Rediyo kuwa da ya ga an buɗe wata sabuwar hanyar surutu, bai yarda a bar shi a baya ba. Duk ranar taro, kafin ya cire kwat ɗin sai ya tsaya a tsakiyar falo ya maimaita musu liyafar tun daga ƙofa, da baki da hannu lokaci guda. Ya yi tafiyar mai sanƙon da ke tofi in yana magana, ya yi matar da ke dariya kafin a gama labari, ya yi kansa yana farautar wake ɗaya a faranti da cokali mai yatsu. Auta ta yi ta dariya har ta zame daga kujera, irin dariyar wanda ba ya jin ƙarar muryarsa. Na-gefe yakan zauna a gefe da jaridarsa, yana jin daɗi bai nuna ba.

Sau ɗaya ne ba a yi wasan ba. Ranar taron cikar shekara Rediyo ya dawo da wuri, tun ba a kwashe kwanuka ba, daga shi sai farar shat, taye a aljihun wando.

"Ina rigar mutane?" in ji matar Na-gefe.

"Ta ɗan ɓaci, Anti. An kai wanki."

"Miya ka zuba ko? Ai na san za a rina. Hannu gajere, ga rawar kai."

Bai rama ba, abin da ba halinsa ba. Ya shafa kan Auta ya ce mata ya gaji, ya tafi. Bayan 'yan kwanaki wani direba ya sauko har ɗakin sanyi ya kawo wa Na-gefe kwat ɗin a cikin ledar gidan wanki, a goge tsaf. Na-gefe ya ɗauka Rediyo ne ya ba da adireshin, bai tambaya ba.

Ana nan sai shugaban sashe ya tara su ya ce tallafi ya ragu. A cikin ma'aikatan kwantiragi biyu na ɗakin sanyi, ɗaya za a riƙe, kuma Darakta ce da kanta za ta zaɓa. Ya faɗi maganar yana kallon agogon bango, ya ce kowa ya koma bakin aiki. Ma'aikatan kwantiragi biyun kuwa ba sai an faɗi sunansu ba.

Na-gefe ya sha jinin jikinsa. Ya fi Rediyo shekaru da takardu, amma sababbin na'urorin da aka kawo Rediyo suke ji wa magana, shi sai ya yi ta danne-danne. Takardar zamansu a ƙasar kuwa a jikin kwantiragin take rataye. In aikin ya tafi ta tafi, makarantar Auta ma ta tafi. Da ya rufe ido sai ya hango yarinyar a lungu da kofi a hannu, tsoro ya kama shi. Shi ma Rediyo ba a banza yake ba. Ya baro mata a gida da jaririn da bai taɓa gani ba sai a waya, ya daɗe yana haɗa takardun ɗauko su. Haka suka ci gaba da aiki kafaɗa da kafaɗa, wannan ya miƙo tire wancan ya karɓa, ba wanda ya ɗago maganar. Sai dai Rediyo ya rage murya.

Sai ga kati. Darakta na gayyatar manyan ma'aikata liyafar rana a babban ɗakin taro na cibiyar. Na-gefe ya kai shi gida ya ajiye a kan firij kamar yadda ya saba, don Rediyo ya ɗauka in ya zo. Matarsa ta ɗauka ta juya shi gaba da baya.

"Wannan karon da ƙafarka za ka je, Malam."

"In je in ce musu me?"

"Ko ba ka ce komai ba, a gan ka. Mutum ana shirin yanke masa hukunci, sai ya aika wakili?"

Ta ɗauko kwat ɗin ta zauna da reza tana tsinke zaren. Ɗinkin ya daɗe a wurin, da ta warware sai ga layi ya fito raɗau a bakin hannun. Ta jiƙa tsumma ta ɗora, ta danna dutsen guga da ƙarfinta, layin ya ƙi ɓacewa. Ta ce ba mai lura.

Da ya gaya wa Rediyo a wurin aiki, sai ya ga ya ɗan tsaya da tiren da ke hannunsa, sannan ya saka shi a ma'ajinsa.

"Ka je, Yaya, ya kamata. Ka dai nisanci mai sanƙon nan. Cokali kuma daga na waje ake farawa, kar ka ba mu kunya."

Ranar liyafar mace mai fara'a ta duba kati ta ce ya shiga. Ya nufi gindin wata tukunyar fure da niyyar ya tsaya a nan har a zauna, amma bai kai ba. Wani mai sanƙo ya tare shi, ya dafa kafaɗarsa kamar tare suka tashi.

"Ga mutumina! Ina ka shige? Kwanaki na ba matata labarin akuyar nan taka da ta shiga tasi, ta kusa shiɗewa."

Na-gefe bai san wata akuya ba. Ya yi murmushi ya goge kumatunsa da dabara. Wata mata ta matso tana dariya tun bai buɗe baki ba. Ta ɗan dube shi da kyau, ya ga alamar shakka ta gifta a idonta. Sai idon ya sauka kan ɗan ganyen da ke aljihu, ta saki fuska.

"Ka rame," ta ce. "Aiki ne ko? Yau kuma ka yi sanyi."

Haka aka yi ta miƙa shi daga hannu zuwa hannu. Mutanen da bai taɓa gani ba suna kiran sunansa daidai, ba tuntuɓe, sunan da a da sai ya maimaita sau uku a ƙarshe a ce masa dakta kawai. Wani ya gode masa da shawarar maganin ƙwari da ya ba shi don furanninsa. Wani ya tambayi lafiyar 'yar Na-gefe mai magana da hannu. Ya tsaya yana kallonsu kamar mai kallon gidansa ta tagar maƙwabci. Ashe shekarun nan da yake zaune a ƙarƙashin ƙasa da ƙwayoyin hatsi, a sama shi mutum ne mai jama'a.

Da aka zo zama ya nufi teburin ƙarshe, na kusa da ƙofar da masu rabon abinci ke fitowa, inda ya saba ganin sunansa. Ba ya nan. Wani ma'aikaci ya ja shi har teburin gaba, ya janyo masa kujerar da ke dama da ta Darakta.

Sau biyu ko uku ya taɓa ganinta, daga nesa, tana jawabi. Mace ce mai furfura, 'yar siririya, ba ta da yawan fara'a. Ta gaisa da mutanen teburin ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kansa sai ta dubi aljihun ƙirjinsa ta ɗan jima. Aka kawo miya, ya fara da cokalin waje. Aka yi jawabi, aka tafa. Sai da aka kawo faranti na biyu, hayaniya ta tashi, sannan ta karkato gare shi ta yi ƙasa da murya.

"Mahaifina ya rasu watan jiya."

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Na-gefe.

"Na daɗe ina so in gode maka da bakina, kunya ta hana ni. Ranar taron cikar shekara ina kan mumbari ina jawabi, ban ga komai ba sai bayanka kana fita da shi. Ƙanwata ce ta gaya mini daga baya. Ta ce tsohon ya jiƙa wandonsa a zaune, ya rikice, ya fara ƙoƙarin tashi a gaban mutane. Na kusa da shi duk suka kau da kai. Kai ka cire rigarka ka ɗaura masa a ƙugu, ka riƙe hannunsa kana ba shi labari kana dariya, har kowa ya ɗauka fita shan iska za ku yi."

Na-gefe ya ajiye cokali. Ya tuna farar shat, da taye a aljihun wando, da ledar gidan wanki.

"Ya ƙi sakin rigar," ta ci gaba. "Da ita ya kwana a hannu, yana shafa wannan ganyen. Ya manta sunana a lokacin, amma har ya rasu yana tambayar mai ganye. Da aka tashi na je kujerarka na duba takardar, na ga sunanka." Ta gyara zaman tambulan ɗinta. "Mutum ne mai tsananin gudun abin kunya. Ka rufa masa asiri a ranar da ba zai iya rufa wa kansa ba."

Sai muryarta ta koma ta ofis.

"Maganar ɗakin sanyi ta zo gabana. Bai kamata in faɗa a nan ba, amma ka kwantar da hankalinka. An ce mini abokin aikin naka yana da ƙoƙari, ban musa ba. Sai dai ban taɓa ganinsa a cikin mutane ba, ba wanda ya san shi. Wuri irin wannan ba na'ura kaɗai ke riƙe shi ba."

Ta zuba masa ido tana jira. Ba wani dogon bayani ake nema ba. Ba ni ba ne, shi ne. Maganar ba ta fi haka ba, kuma ta zo masa har bakin leɓe. Ya dubi hannuwansa a kan farin ƙyallen tebur, ga layin nan a bakin hannun kwat ɗin inda na Rediyo ke tsayawa. Sai ya tuno hannuwan Auta da safiyar ranar, tana ba uwarta labari da sauri har yatsun na haɗuwa, jakar makaranta a bayanta.

"Ba komai," ya ce.

Ta gyaɗa kai, ta ɗan taɓa hannunsa, ta juya ga na hagunta. Aka kawo kayan zaƙi ya cinye tas, bai san ɗanɗanonsu ba. Da aka zo ɗaukar hoto Darakta ta jawo shi kusa da ita, a tsakiya.

La'asar ta yi sanyi ya isa gida. Tun daga matakala ya jiwo dariyar Auta, ya san Rediyo na ciki. Ya same su a ƙasa kan darduma, littafin lissafi a buɗe ba mai kallonsa. Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu.

"Ya aka yi? An gan ka?"

"An gan ni."

"Shi ke nan? Mutum ya yini a waje ya dawo da kalma uku? Rediyo, ka ji yayanka."

Rediyo ya ɗago ya dube shi, ya dubi ganyen, ya miƙe yana kakkaɓe wando. Ya ce zai wuce, Yaya ya taka masa. Suka sauko matakalar a jere har suka kai ƙasa inda akwatunan wasiƙu da kekunan yaran maƙwabta suke. A nan Rediyo ya tsaya.

"Ta yi maka maganar tsohon?"

"Ta yi."

"Yana nan?"

"Ya rasu. Watan jiya."

Rediyo ya cire tabarau ya goge da gefen riga. "Allah sarki. Mutumin kirki. A hanyar fita sai ce mini yake in yi sauri kar mu makara makaranta." Ya mai da tabarau. "Me ka ce mata?"

"Na ce ba komai."

"To ai ni ma abin da zan ce ke nan."

"Ta ce ni za ta riƙe," in ji Na-gefe. "Saboda wannan. Ta ce kai ba ta taɓa ganinka a cikin mutane ba."

Rediyo ya yi dariya, gajeriya, ba irin tasa ba. "Ni? Ni da na san inda kowa ke ɓoye cingam a ƙarƙashin tebur?" Ya girgiza kai. "Na san za a zo nan, Yaya. Tun ranar da aka kawo rigar ofishinka na sani."

"Me ya hana ka faɗa?"

"In faɗa wa wa? In je in ce mata shekara da shekaru ina cin abincinsu da sunan wani? Ai mu biyun za ta haɗa ta kora. Gara ɗaya ya tsira. Kai ma da ka buɗe baki yau, da ka kashe mu gaba ɗaya. Daidai ka yi."

Hujja ce mai kyau. Na-gefe ya juya ta a ransa ya ga ba ta da ɓaraka, kuma ya so a ce ita ce ta rufe masa baki a teburin. Amma ya san bai tuno ta ba sai yanzu da aka miƙo masa. A lokacin bai yi tunanin su biyu ba, nasa kawai ya duba. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma, ga shi wanda ya cuta ɗin ne ke nema masa mafita.

"Ƙanena," ya fara.

"Kar ka ce komai, don Allah. Ba ka saba ba, za ka ɓata." Rediyo ya kai hannu ya gyara masa taye da ya karkace. "Labarin akuyar, in sun tambaye ka, a ƙarshe direban ne ya biya ta kuɗin mota. Kar ka manta, nan ne wurin dariyar."

Ya tura ƙofa ya fita. Na-gefe ya tsaya a tsakanin kekunan har fitilar matakalar ta mutu da kanta.

Kafin wata ya ƙare aka sanar. Rediyo ya haɗa kayansa, akwatinsa ya rufu ba gardama. Matar Na-gefe ta ɗauko kwat ɗin ta ce ya tafi da ita, shi ya fi kowa morarta. Ya ce a'a, Anti, ai yanzu ta san mai ita. A filin jirgi Auta ta riƙe masa riga ta ƙi saki, sai da ya tsuguna ya yi mata wata doguwar magana da hannu wadda ubanta bai gane ko rabinta ba.

Katuna suka ƙaru. Yanzu kowane taro sai an gayyaci Na-gefe, kuma ba wanda zai miƙa wa. Yana zuwa, ana zaunar da shi a gaba. Ya gwada labarin akuyar sau ɗaya, ya kai har wurin kuɗin mota, aka yi masa dariyar ladabi. Mai sanƙo ya koma neman wasu. Matar nan mai dariya ta ce wa wata, a inda yake ji, tun da abokinsa ya tafi ya zama wani iri. Darakta dai ba ta fasa gaishe shi da girmamawa ba, kullum idonta na fara sauka a kan aljihun.

Ranar taron cikar shekara na gaba ya dawo ya tarar da Auta a falo da kayan makaranta, an ba ta lambar yabo ta liƙa a firij. Da ta gan shi cikin kwat ɗin sai ta ture littafinta, ta gyara zama a kujera, ta nuna masa tsakiyar falo. Bai gane ba sai da ta sake nunawa. Ya je ya tsaya a wurin. Ya ɗaga hannuwansa, ya laluba 'yan kalmomin da yake da su.

An ci abinci, ya ce mata. Ya ƙara tunani. Mutane da yawa.

Ta jira. Shi ma ya jira, hannuwansa a sama. Da ta ga ba sauran, sai ta gyaɗa masa kai don kar ya ji ba daɗi, ta jawo littafinta ta ci gaba da aikin gida.

Matarsa ta zo ta bayansa ta zare masa kwat ɗin daga kafaɗa. Ta duba bakin hannun, ta murza layin da yatsa, ta kai ta bayan ƙofa ta rataye.